Ƙafa ɗaya ta kumbura a jego, kada a jira

Jini kan daskare ya zama guda a jijiyar da ke can cikin ƙafa, galibi a sha-raɓa ko cinya. Muddin gudan yana manne a wurin, ƙafar ce kaɗai ke shan wahala. Ranar da ya ɓalle kuwa, jini zai kwashe shi ya bi da shi ta ɓarin dama na zuciya zuwa huhu, inda jijiyoyi ke ƙara tsukewa, ya maƙale ya tare hanya. Idan babba ne, mutum na iya faɗuwa cikin mintoci. Likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, shi ya bayyana wannan tafiya a tsakiyar ƙarni na 19. Kitsen ɓargo daga ƙashin da ya karye ma kan yi irinta, gudan da ya taso daga zuciya kuma kan haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki.

Wadda ta fi damuna a wannan batu ita ce mai jego. Ciki kan sa jini saurin daskarewa, kariya ce daga zubar jini wajen haihuwa, amma halin ba ya gushewa da zarar an sauka. Haɗarin ya fi tsanani a makonni shida na farko, wato kusan daidai da kwanakin arba'in da muke so ta zauna a ɗaki ta huta. Idan da tiyata aka ciro jaririn, ko ta jima a kwance, sai ya ƙaru. A 2017 Serena Williams, fitacciyar 'yar wasan tanis ta Amurka, ta ji numfashinta na sarƙewa bayan an yi mata tiyatar haihuwa. Da yake ta taɓa fama da ciwon, ita ta matsa a ɗauki hoton ƙirjinta, aka kuwa ga gudajin jini a huhu. Sanin alamar ne ya taimake ta, kuma shi ne yawancin matanmu ba a ba su ba.

Za a ce ai kowace mai ciki ƙafarta na kumbura. Haka ne, amma wannan ƙafa biyu yakan kama. Wanda ake tsoro shi ne na ƙafa ɗaya, mai ciwo, wadda in an taɓa za a ji ta fi 'yar'uwarta ɗumi. Irin wannan ƙafar ce ake kira wa mai tausa, alhali matsa ta na iya ɓallo gudan. Za a kuma ce asibiti kuɗi ne, na'urar hoto ba ko'ina take ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, bai kamata a rufe shi ba. Sai dai rigakafin farko kyauta ne: mai jego ta riƙa tashi tana takawa tun da wuri, ta sha ruwa isasshe. Maganin hana daskarewar jini, irin su hefarin, an shafe shekaru da dama ana aiki da shi, kuma yana ceto idan an zo a kan lokaci.

Don haka nake ganin bai kamata a sallami mai haihuwa ba sai an gaya mata, tare da mijinta da uwar da za ta yi mata wanka, cewa kumburin ƙafa ɗaya, ko haki na farat ɗaya, ko ciwon ƙirji in ta ja numfashi, ko tari da jini, dalili ne na komawa asibiti a take, ko da tsakar dare ne.