Fakin a tashar jirgin Rigasa: ƙarin fili ba zai fishe mu ba

1/ Jama'a, duk mai hawa jirgin Kaduna zuwa Abuja ya san wahalar nan, amma ba mu cika zancenta ba: ina za ka ajiye motarka? Tikiti muna ƙorafi, jinkiri muna ƙorafi, fakin kuwa kowa sai ya sha wuyarsa ya yi gum. Zaren yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Wata Litinin na ɗauko Ummata za mu Abuja ganin likitan ƙashi. Makonni muka yi muna jiran ranar nan. Mun bar Malali bayan asuba, muka wuce Bakin Ruwa lafiya lau, har ina cewa a raina yau kam mun yi sammako. Muna dosar tasha komai ya tsaya cak.

3/ Wani bawan Allah ne ya tsaya a tsakiyar hanya yana sauke akwatuna, ana ta sallama da addu'o'i kamar masu tafiya aikin Hajji. Bayansa layin motoci, kowa na danna hon, shi ko a jikinsa. Dole na sauke Umma nesa da ƙofa, ga ciwon gwiwa, ta kama sandarta ta fara takawa a hankali, ni kuma na shiga zagayen neman wuri.

4/ Zagaye uku na yi kafin na samu wani lungu na cusa motar. Da gudu na iso, ina haki, ana gab da rufe ƙofa. Da muka zauna Umma ta dube ni ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Da ka bar ƙaninka ya kawo mu da duk ba a yi haka ba." Ban ce uffan ba.

5/ Washegari da yamma muka dawo, sai na tarar wani ya datse ni ta baya. Ba lamba a gilashi, ba wanda ya san mai motar. Ashe shi ma yana Abuja, a jirgin baya zai dawo. Umma na zaune cikin mota, sauro na cizo, har muka yi Isha'i a wurin. Da ya iso ya ce, "Don Allah yi haƙuri ɗan'uwa, makara na yi jiya." Wallahi na so in yi faɗa, na kasa. Da na ƙara minti biyar ina zagaye jiya, abin da ya yi shi zan yi wa wani.

6/ A daren nan abin da na ce shi ne abin da kowa ke cewa: a faɗaɗa wurin fakin mana, ga fili nan birjik. Daga baya na zauna na yi lissafi, sai na sauka daga wannan ra'ayin. Ku biyo ni.

7/ Gurbin mota ɗaya kusan mita 2.5 ne a faɗi, mita 5 a tsawo. In ka haɗa da hanyar shiga da fita da wurin juyawa, kowace mota na cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne da 68, wato murabba'in mita 7,140. Raba ka gani: mota 250 da 'yan kai kawai zai ɗauka.

8/ To a ce jirgi ɗaya ya ɗauki mutum 500, rabinsu kowa ya zo da motarsa. Filin ƙwallo guda ya cika ke nan, saboda tashi ɗaya tak. Jirgin kuma ba sau ɗaya yake tashi a rana ba.

9/ Ga inda gizo ke saƙar. A ƙasashen da ake ajiye mota a tasha a hau jirgi zuwa aiki, da safe ake ajiyewa, da yamma a ɗauke. Gobe gurbin na wani ne. Namu jirgin tsakanin gari da gari ne. Ma'aikacin da iyalinsa ke Kaduna, ofishinsa ke Abuja, Litinin zai ajiye mota, sai Juma'a ya waiwaye ta. Gurbi ɗaya, kwana biyar, mutum ɗaya. Motar na nan tana shan rana da ƙura, ni da Umma muna zagaye.

10/ Wannan gurbin da za a ba mai keke ya riƙa sauke fasinja yana wucewa, mutum nawa zai amfana a kwana biyar ɗin? Ku ƙiyasta da kanku.

11/ Kuma duk ranar da aka ƙara fili, wanda da ƙaninsa ke kawo shi zai ce ai yanzu akwai wuri, bari in tafi da tawa. Wata shida mun koma gidan jiya, sai dai yanzu motocin da ke bin hanyar Rigasa da asuba sun ninka. Gyaran gangar Auzinawa.

12/ Asalin matsalar tana can baya. An buɗe layin nan ne a watan Yulin 2016, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Tsohuwar tashar jirgin Kaduna ta zamanin Turawa tana cikin gari, garin ma a jikin layin dogo ya girma. Sabuwar kuwa aka kai ta gefen gari ta yamma, cikin ƙaramar hukumar Igabi. Haka Idu take a bayan Abuja, haka tashar Ibadan take can Moniya.

13/ Ban ga laifin hakan ba. Ratsa tsakiyar gari da sabon layi na nufin rusau da diyya mai nauyi, kuma layin zai zarce Kano ne. Amma in ka kai tasha bayan gari, ka ɗauki bashin kai mutane wurinta. Mutumin Barnawa ko Sabon Tasha ko Kawo tafiyarsa ba a Rigasa take farawa ba, a ƙofar gidansa take farawa, kuma wannan ɓangaren kowa ta kansa yake yi.

14/ Kada kuma mu yi wa masu zuwa da mota dariya, ba duka ne don nuna isa ba. Mu tuna me ya cika jirgin nan tun farko: tsoron masu garkuwa a hanyar mota. Mu tuna harin 28 ga Maris 2022, da watannin da jirgin ya yi a tsaye har Disamba. Wanda ya rayu cikin wannan fargabar ba ya son ya sauka da duhu, jaka a baya, kwamfuta a ciki, yana cinikin keke da wanda bai sani ba.

15/ 'Yan'uwa mata ku faɗi gaskiya, in jirgin yamma ya yi jinkiri kuka sauka bayan Isha'i, wace ce a cikinku ba ta fi son ta tarar da motarta ko wani na gida yana jira ba? Mutane ba son fakin suke ba, tabbacin isa gida suke saye da wannan wahalar.

16/ Shi ya sa nake ganin abu na farko bas ne, amma bas mai alƙawari da jirgi. A 2025 an fito da manyan bas-bas masu aiki da gas a Kaduna, madalla. Sai dai bas mai bi ta unguwa daban, bas mai jiran jirgi daban. Ina nufin wanda zai tashi daga Kawo, daga Kasuwar Barci, daga kudancin gari, a lokacin da aka sani, ya isa kafin jirgi ya tashi. In jirgi ya makara da awa biyu, shi ma ya tsaya awa biyu, fitila a kunne, a bakin ƙofa.

17/ Ɓangaren Abuja an ɗan gwada irin wannan tunanin. Jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a Mayun 2024 yana bi ta Idu, ya haɗa ta da tsakiyar birni da filin jirgin sama. Mu a Kaduna ba sai mun jira an shimfiɗa mana dogo ba, kwalta tana nan.

18/ Abu na biyu shi ne wanda za ku zage ni a kansa: kwanan mota a tasha ya zama da tsada. Sauke fasinja na minti goma sha biyar kyauta. Wuni ɗaya kuɗi daidai misali. Daga kwana na biyu ya fara hawa, ta yadda mai shirin barin mota Litinin zuwa Juma'a zai auna ya ga gara a kawo shi.

19/ Ba ni na ƙirƙiro ba. Akwai wani farfesa a Amurka, Donald Shoup, da ya ƙare rayuwarsa kan binciken fakin, ya fitar da babban littafinsa a 2005. Dabararsa mai sauƙi ce: a saita farashi yadda kullum kusan kashi 15 cikin 100 na gurabe za su zama babu kowa, don duk wanda ya zo ya samu wuri ba tare da zagaye ba. Sannan kuɗin a kashe shi a unguwar da aka tara shi.

20/ Na san amsar da ke zuwa: "Malam, ana fama da tsadar rayuwa kana cewa a ƙara kuɗi?" To tsaya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, waye ke da motar da zai jingine kwana biyar bai buƙace ta ba? Ba mai tallan ruwa ba ne, ba ɗalibar da za ta koma makaranta ba ce. Su a keke suke zuwa, kuma su ne ake saukewa can nesa cikin ƙura don motocinmu sun cinye bakin ƙofa.

21/ Amma na yarda da rabin ƙorafin. Akwai ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ya riga ya ƙare a tikiti da hayar ɗaki a Maraba. In aka ƙara masa kuɗin fakin alhali babu bas, an cuce shi. Don haka bas tukuna, ya yi watanni yana aiki har mutane su yarda da shi, sannan farashi. In aka juya tsarin, haraji ne kawai aka ƙaro, kuma ni ma zan shiga sahun masu zagi.

22/ Tun Janairun 2021 ake sayen tikitin jirgin nan ta intanet. Me zai hana ka kama gurbin fakin a wuri ɗaya da tikitinka? Lambar mota, ranar ajiyewa, ranar ɗauka, rasit a wayarka. In ya cika, tun kana gida ka sani, ka nemi wata dabara. Kuma da lambar wayar mutumin da ya datse ni tana rubuce a wani wuri, da Umma ba ta yi Isha'i a mota ba.

23/ Samarin da ke tsaye suna "Alhaji shigo nan, zan duba maka ita" fa? Wasu na cewa a kore su. Ni ban goyi baya ba. 'Yan unguwa ne, sun fi kowa sanin wace mota ce ta kwana nawa. A ba su riga mai lamba da albashi, su san in madubi ya ɓata akwai mai tambayarsu. Mutanen Rigasa su ke shaƙar hayaƙinmu, su ke tsallaka titi da yara cikin gudunmu na masu makara. In kuɗin fakin bai zama fitilun titi da magudanar ruwa a unguwarsu ba, to na waye?

24/ Sai 'yan jiniya. Fasinja ɗaya, mota uku, duka a bakin ƙofa, direbobi sun kishingiɗa suna danna waya. Yallaɓai, jirgin nan tare za mu shiga, tare za mu sauka. Duk tsarin da aka kawo in bai hau kanku ba, sati biyu zai yi ya mutu, don kowa zai ce ai wane ma a nan ya tsaya. Layin da ya fi kusa da ƙofa na tsofaffi ne da marasa lafiya da masu goyo.

25/ Wani zai kawo misalin Utrecht a Holan, inda tashar jirgi ke da wurin ajiye kekuna 12,500. Abin sha'awa ne, amma ba zan ce wa kowa ya tuƙo keke daga Barnawa da akwati cikin zafin Afrilu ba. 😅

26/ Kanawa da Katsinawa, wannan zaren naku ne fiye da namu. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. Tun ran gini ran zane. Kada ku tsaya kallon hoton ginin tasha kuna yaba kyansa. Ku tambaya yanzu: daga Hotoro ko Kabuga me zai kai ni can da asuba, me zai dawo da ni da dare? Ranar da layin Kano ya fara aiki kuma, Rigasa za ta samu fasinjojin ɓangare biyu, a kan hanyar da muke cunkushewa a kanta yau.

27/ Ni dai tun daga ranar nan na daina zuwa da mota. Ƙanina ke sauke ni, in ba shi kuɗin mai. Tafiya ta yi sauƙi, dawowa ce har yanzu nake lissafi, don yaron yana zuwa karatun dare kuma jirgi ba kullum yake isowa a kan lokaci ba.

28/ Wata mai zuwa Umma za ta koma ganin likita, kuma dawowar yamma ce. Mutanen Malali da Unguwan Rimi masu hawa jirgin nan, ku yaya kuke yi da dare? In akwai masu haɗa mota, a sa mu a ciki, mu biyu ne da sanda ɗaya.