Yaƙin Kwana Bakwai da Ƙofar Makaranta

A shekarar 1988 aka saki wani fim a Japan mai suna Bokura no Nanokakan Senso, wato yaƙin da yara suka yi na kwana bakwai. Hiroshi Sugawara ne ya ba da umarni, kuma an ɗauko labarin ne daga littafin Osamu Soda na 1985. Wasu ɗalibai 'yan ƙaramar sakandare sun gaji da takurawar malamai, sai suka tattara kayansu suka shige wata tsohuwar masana'anta da aka yi watsi da ita, suka toshe ƙofa. Malamai da iyaye suka zo da lallashi da barazana, yaran suka ƙi fitowa, har tankar yaƙi suka samu a ciki. A nan ne aka fara ganin 'yar wasa Rie Miyazawa a babban allo.

Mai kallo daga nesa zai ce fim ne na koya wa yara taurin kai. Ni ban yarda ba. Ku duba abin da ya fusata su: malami ya tsaya da ma'auni yana auna tsawon siket, yana duba gashi, yana dukan wanda ya makara, kuma babu wanda ya taɓa gaya wa yaro dalilin dokar. Biyayya abu ce mai daraja, amma babba da ya kasa bayyana hikimar umarninsa, tsoro kawai yake shukawa.

Shekara biyu bayan fim ɗin, a watan Yuli na 1990, wani malami a makarantar Takatsuka da ke Kobe ya tura ƙofar ƙarfe don ya kulle 'yan makara a waje. Ƙofar ta matse kan wata yarinya 'yar shekara 15, ta rasu. Kotu ta sami malamin da laifi. Duk wanda ya taɓa gudu da jaka a baya don kada a rufe masa ƙofa ya san irin wannan firgici.

Gyaran irin waɗannan dokokin makaranta ya zo a hankali ƙwarai. Wata ɗaliba a Osaka ta kai ƙara a 2017 saboda an tilasta mata rina gashinta baƙi, kuma a 2021 kotu ta ba ta diyya amma ta bar dokar. Sai a 2022 makarantun sakandare na gwamnatin Tokyo suka soke dokar rina gashi da ta ƙayyade launin kamfai.