FILIN MATA: Uwargida, Ina Bawul Ɗin Gidanki?

Zancenmu na wannan mako a kan famfo ne, da bututun da ke kawo mana ruwa cikin gida, da wanda ke fitar da shi. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ina ruwan mace da wannan? Ai aikin maza ne." To, ki dakata ki ji abin da ya same mu a gidan gwaggona da hutun da ya wuce tukuna.

Ran nan da hantsi maigidan ya tafi cin kasuwa, ba namiji a gidan sai wani yaro ɗan shekara tara. Muna cikin hira sai muka ji ruwa yana tsartuwa a bayan ɗakin girki. Ashe bututun da ya sauko daga tanki ne ya tsage. Mu huɗu muka yi kansa, wannan ta kawo tsumma, waccan ta kawo roba tana ɗaurewa, gwaggo kuwa sai salati take yi. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakin ajiya, ya jiƙa buhu biyu na gero. Kafin yaro ya samo mai gyara, tanki ya ƙare ƙaf.

Da mai gyara ya duba sai ya ce, "Hajiya, me ya hana ku rufe bawul?" Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, wane ne kuma bawul?" Ya yi taku uku, ya nuna wani ɗan jan hannu a gindin tanki, ya juya shi da yatsa biyu. Shekara shida ke nan gwaggo tana rataya tsumman goge tukunya a jikinsa. Kunya ta kama ni fiye da kowa, ni da aka horar a kwalejin malamai don in koyar da tsabta da kula da gida. Tun daga ranar na yi ta tambaya, gama tambaya rabin ilimi ce. Ga abin da na samo muku.

HANYAR DA RUWA KE SHIGOWA

Ruwan gida daga ɗayan wuri biyu yake zuwa. Ko dai daga babban bututun hukumar ruwa da ke binne a titi, ko kuwa daga rijiyar burtsatse wadda inji ke turo ruwanta sama. Inda ruwan hukuma ne, akan sami mita a bakin shigowa, ita ce ke ƙidaya abin da kuka sha. Kusa da ita akwai babban bawul, watau makullin ruwan gidan duka. Wani bawul ɗin kuma yana gindin tanki. Iri biyu ne. Mai kai kamar ƙaramar ƙafar keke, juya shi ake yi hannun dama har ya tsaya, to, ya rufe. Mai doguwar mariƙa kuwa, in mariƙar ta miƙe tare da bututu a buɗe yake, in ta gicciye shi a rufe yake. Wannan kaɗai in kin riƙe, karatun yau bai faɗi banza ba.

Daga nan sai tanki. Dalilin da ya sa ake ɗora shi a bisa shi ne, gwargwadon tsayinsa gwargwadon ƙarfin zubar ruwa a famfo. A cikinsa akwai wani bawul mai ƙwallo. Ruwa na hawa ƙwallon na tasowa, in tanki ya cika sai ya toshe hanya da kansa. In kin ga ruwa yana malala ta saman tanki, yawanci ƙwallon nan ne ya huje ko ya maƙale. Ku kuma lura da nauyi: lita guda ta ruwa kilo guda ce, saboda haka tanki mai cin lita 1,000 ya kai tan guda in ya cika. Kada a yarda yara su yi wasa a ƙarƙashin ƙafafun tanki da tsatsa ta ci. Murfi kuwa tilas ne, domin tanki buɗaɗɗe gidan sauro ne, kuma hasken rana na sa gansakuka ta fito a ciki.

IRIN BUTUTU

Bututu, wanda masu gyara ke ce wa fayif, iri-iri ne. A zamanin da, tun daga Rumawa, da dalma ake yinsa, don tana da saukin lanƙwasawa. Daga baya aka tabbatar guba ce, tana narkewa kaɗan-kaɗan cikin ruwa ta taɓa ƙwaƙwalwar yara. Amurka ta hana sa sabon bututun dalma a 1986, amma tsofaffin da ke binne sun ci gaba da ɓarna, kamar yadda ya faru a garin Filint daga 2014, inda dalma ta shiga ruwan shan jama'a.

Bayan dalma sai na ƙarfe wanda aka shafe da tutiya. Shi ne za ku tarar a tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma in ya tsufa tsatsa kan cika cikinsa. In kin buɗe famfo da safe kin ga ruwa ja-ja, ko kuwa zubarsa na raguwa shekara da shekara, to, alamarsa ke nan. Akwai kuma na jan ƙarfe, mai jure ruwan zafi, sai dai tsada.

Wanda ya fi yawa yanzu shi ne na roba, wanda 'yan kasuwa ke kira PVC. Ba ya tsatsa, ba nauyi, ga araha. Amma yana da maƙiya biyu, rana da ruwan zafi. In ya daɗe a fili rana na dukansa sai ya bushe ya yi gautsi, abu kaɗan ya taɓa shi ya tsage. Abin da ya sami na gwaggona ke nan. Maganinsa a binne shi, ko a shafa masa fenti. Don ruwan zafi akwai wani na roba dabam, yawanci kore, mai suna PPR, wanda da zafi ake narka bakinsa a haɗa.

Na roban nan kuma akwai mai kauri, akwai marar kauri. Mai kauri shi ne na ruwan sha, don shi ke jure matsin ruwa. Marar kauri na fitar da ruwan wanke-wanke ne. Akwai ma wani siriri wanda aka yi don zura wayar lantarki. Wani maigida garin neman sauƙi, ko wani mai gyara marar tsoron Allah, sai ya sa marar kauri a wurin mai kauri, a rufe da siminti, bayan 'yan watanni bango ya fara jiƙewa. Araha ba ta ado.

Da inci ake auna faɗin bututu. Wanda ke zuwa kan famfo yawanci rabin inci ne. Wanda ke saukowa daga tanki kwata uku ne ko inci guda. Na masai inci huɗu. In za ki aiki yaro kasuwa, ki faɗa masa suna da awo. In ba ki tabbata ba, ki ba shi tsohon ya tafi da shi, ko ki ɗauki hotonsa a waya. Aiken "sayo mini abin nan na famfo" shi ke sa yaro zuwa kasuwa sau uku.

MAHAƊAI

Bututu ba ya juya kwana da kansa, sai da mahaɗi. Elbo shi ne mai kama da gwiwar hannu, ana sa shi inda bututu zai karya kwana. Ti mai baki uku ne, shi ke raba ruwa gida biyu, misali reshe guda zuwa ɗakin girki, guda zuwa makewayi. Soket ke haɗa bututu biyu a miƙe. Yuniyan shi ma haɗawa yake yi, amma ana iya kwance shi a mayar ba tare da an yanka bututu ba, don haka ake sa shi kusa da tanki da inji. Na roba da gam ake manne su, kuma sai a jira gam ya kama kafin a saki ruwa. Masu zare kuwa, watau waɗanda ake murɗawa, akan naɗa musu wani farin tef mai laushi don kada su yi yoyo. Yawancin yoyon gida a mahaɗi yake farawa, saboda haka in kin ga danshi a bango, nan za a fara duba.

KAN FAMFO DA WASHA

Cikin kan famfo irin na murɗawa akwai wata 'yar baƙar roba mai kama da maɓalli, sunanta washa. Ita ce ke danne bakin ruwa in kin rufe. In ta cinye sai famfo ya riƙa ɗiga. Mu kuwa me muke yi? Sai mu ƙara murɗewa da ƙarfi, ko mu ɗaure da tsumma, har zaren famfon ya lalace, abin da washa guda za ta gyara ya zama sai an sayi sabon kai.

'Yan makaranta, ga lissafi. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yakan zubar da kimanin jarka guda mai cin lita 20 a kwana. Jarka nawa ke nan a wata? Ku tambayi iyayenku nawa mai ruwa ke sayar da jarka a unguwarku, ku buga, ku kai musu amsa. Da yayyafi kogi kan cika.

Sāke washa ba wuya. A rufe bawul, a buɗe famfo sauran ruwa ya tsiyaye, a kwance kan da sifana, a cire tsohuwar a sa sabuwa daidai girmanta, a mayar. Ni da kaina na yi, ban kuwa karye ba.

HANYAR DA RUWA KE FITA

Nan ne maganar lafiya take. Ki leƙa ƙarƙashin kwanon wanke hannu, za ki ga bututun ya lanƙwashe ko ya yi kamar 'yar kwalba kafin ya wuce. Da gangan aka yi shi haka. Ɗan ruwa ne ke kwanciya a wurin kullum, ya toshe wa wari da kyankyasai hanyar dawowa daga rami. Ruwan da kike gani a gindin masai irin na zama shi ma aikinsa ke nan. Wani mai gyaran agogo a Landan, Alekzanda Kamin, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775. In makewayin da aka daɗe ba a shiga ba ya fara wari, ruwan nan ne ya ƙafe, sai ki zuba buta guda. A lanƙwasar nan kuma gashi da ƙwayar shinkafa ke taruwa su toshe hanya. Kada ki zuba sauran mai ko miya a ciki, gama in mai ya huce daskarewa yake yi. Audugar mata da ƙunzugun yara kuwa ba a jefa su a masai ko kaɗan.

Dogon bututun da ya miƙe sama a bayan makewayi na shan iska ne, ta nan warin rami ke fita. A ɗaura masa 'yar raga a baki don ƙuda. Ƙazanta kuwa tana tafiya rufaffen rami inda mai kauri ke kwanciya, ruwan ya wuce rami na biyu, watau sokawe, inda ƙasa ke shanye shi. Ma'aikatan lafiya suna gargaɗi a bar kimanin ƙafa 100, watau mita 30, tsakanin irin wannan rami da rijiya. Ki tuna wa maigida wannan tun kafin a fara haƙa.

Saura abu guda, shi ne ya fi damuna. Ku dubi lungunanmu, za ku ga bututun ruwan sha kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya huje da leda. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Amma ran da aka ɗauke ruwa, bututu ya zama wofi, sai ruwan kwata ya shiga ta wannan huda, in an kawo ruwa ya biyo shi har randarki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta haka amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke shiga gidan da ake share shi kullum. A 1854 cutar kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a wata unguwa ta Landan. Wani likita, Jon Sino, ya bi sawu ya gane daga famfon rijiya guda suke sha, ya sa aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar ramin ƙazanta ne kusa da rijiyar yake yoyo ciki. Saboda haka in an daɗe ba ruwa sa'an nan aka kawo, ki bar na farko ya zube, na shan yara kuma ki tafasa. Bututun da ke cikin kwata kuwa, ki matsa wa maigida har a ɗaga shi a sāke inda ya huje.

To, 'yan'uwa, ga aikin wannan mako. Kowace ta tashi ta nemo bawul ɗin gidanta, ta gwada rufewa da buɗewa, ta nuna wa abokiyar zamanta da manyan yara. In ya ƙi juyawa, a kira mai gyara tun yanzu. Gwaggona dai ta sāke wa tsummanta wurin rataya, geron kuwa mun sha wuyar shanya. Wadda ke da tambaya ta rubuto ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.