Wa ke shan fushinmu?

'Yan'uwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowa a ƙasar nan tafe yake da wuta a ciki. An mai da albashi mafi ƙanƙanta naira dubu 70, amma mu masu jiran ƙarshen wata mun san kwana nawa yake yi a hannu. Fushin nan yana da dalili, ban musa ba. Abin da ke damuna shi ne inda muke sauke shi.

Wanda ya ƙara kuɗin mai ba ya bin layi tare da mu. To wa ke shan faɗan? Mai keke napep da ya nemi ƙarin naira ɗari. Masinja a ofis. Tsohon ɗan fansho da ya taso tun daga ƙauye da fayil a hammata, a ce masa "Baba je ka dawo gobe" ko kai ba a ɗaga ba. Da yamma maman yara da yaran su kwashi ragowar. Ranar Lahadi kuma mu ci ado mu tafi sujada, muryarmu ta fi ta kowa a waƙa. Haba!

Na san abin da wasu za su rubuto mini a ƙasa: wai maganar ƙauna maganar matsorata ce, ita ta sa ake taka mu. To ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 16. A Filibi an yi wa Bulus da Sila bulala ba tare da shari'a ba, aka jefa su kurkuku. Da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi, yari ya zaro takobi zai kashe kansa, Bulus ne ya hana shi. Yarin nan ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne irinmu, umarni aka ba shi ya bi. Amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya ce sai su zo da kansu, domin shi ɗan ƙasar Roma ne. Kuma sai da suka zo suka ba da haƙuri. Ya nemi hakkinsa a wurin masu laifin, bai huce a kan na ƙasa ba. Mu kuwa mun juya abin: oga mu rusuna masa, masinja mu daka masa tsawa.

Ba na cewa abin mai sauƙi ne. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa, da ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka soma aikin sulhu tare. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi shekaru yana tafiye-tafiye da Ashafa alhali zuciyarsa na raya masa ya danne shi da matashi cikin dare. Ke nan ya soma aikin ƙauna tun zuciyar ba ta yarda ba, daga baya ta biyo. Su ne suka shiga tsakani a Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004.

Wannan mutumin hannu ya rasa. Mu fa? Wani ne ya sha gabanmu a gidan mai, ko wani da ba mu taɓa gani ba ya yi mana baƙar magana a Facebook, sai ka ga dattijon ikkilisiya yana zagin iyayen mutum, ga ayar Littafi Mai Tsarki a saman shafinsa. Matasan da muke koyarwa a makarantar Lahadi suna nan, suna karanta duk abin da muka rubuta.