Ƙin Linzami Ya Fi Tutsu: Ra'ayi Kan Gyaran Ƙafafun Mota Mai Ja Da Taya Huɗu

Akwai wata magana da ta bazu tsakanin masu sha'awar motoci, cewa wai mota mai ja da taya huɗu ba ta zamewa a kwana. Daga cikinsu kuma akwai waɗanda ba su tsaya nan ba, sai sun kai motar wurin bakanike an ƙara wa bayanta tauri, don ta riƙa shan kwana kamar motar tsere. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa maganar farko kuskure ce, aiki na biyu kuwa ganganci ne, muddin dai a kan hanyar jama'a za a tuƙa motar.

Da farko ya kamata a san cewa duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa na kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Riƙon da wannan ɗan wuri ke yi wa kwalta yana da iyaka, kuma daga cikinsa ne ake cin rabon ja, da na birki, da na juyawa. Abin da totur ya ci, sitiyari ya rasa. Idan direba ya nemi abin da ya wuce iyakar nan, ɗayan biyu ke faruwa, kuma duk wanda ya san doki zai gane su. In tayoyin gaba suka fara sakin ƙasa, sai mota ta ƙi bin sitiyari ta miƙe waje, kamar doki mai ƙin linzami. In kuwa na baya suka riga saki, sai bayanta ya sulle gefe ta nemi juyowa inda ta fito, watau ta yi tutsu ke nan.

To, me ja da taya huɗu ke ƙarawa? Yana raba ƙarfin inji gida huɗu maimakon biyu, saboda haka mota takan tashi cikin taɓo ko yashi ba tare da taya ta yi ta juyawa a banza ba. Amma fa bai ƙara wa taya riƙo ko kaɗan ba, bai kuma ƙara ƙarfin birki ba, domin kowace mota taya huɗu take taka birki da su. Haɗarin da ke ciki shi ne, direba ba ya jin santsin hanya lokacin da yake ƙara wuta, sai ya iso kwana da gudun da ya fi ƙarfin tayoyinsa.

Tarihin tseren motoci ya isa shaida. A shekarar 1980 kamfanin Audi na ƙasar Jamus ya fito da motarsa Quattro, wadda ta ci kambin kamfanoni na gasar tseren daji ta duniya a 1982 da 1984. Duk da wannan nasara, motar ta yi suna wajen ƙin linzami, dalili kuwa shi ne injinta mai silinda 5 yana zaune ne gaba da tayoyin gaba, nauyi ya rinjaya can. Sai gwanaye irin su Stig Blomqvist, masu taka birki da ƙafar hagu alhali ta dama tana kan totur, su ne ke iya tilasta mata juyawa. A 1984 kamfanin ya rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 32, amma injin yana nan inda yake. Peugeot na Faransa kuwa ya sa injin motarsa 205 T16 a tsakiya, bayan kujeru, ya kuwa kwashe kambin a 1985 da 1986. Duka biyun da taya huɗu suke ja. Abin da ya bambanta su shi ne inda nauyi ya zauna.

Wannan ya kawo magana kan gyaran ƙafafu, watau sifirin, da shokozoba, da kuma sandar ƙarfen nan da ke haɗa tayar dama da ta hagu don hana mota kishingiɗa. In mota ta shiga kwana, nauyinta yakan koma kan tayoyin da ke waje. Taya kuwa, in an ninka mata kaya, riƙonta yana ƙaruwa amma ba ya ninkuwa, don haka abin da tayar waje ta samu bai kai abin da ta ciki ta rasa ba. Ɓangaren da ya fi tauri, gaba ko baya, shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na wannan sauyin nauyi, shi ne kuma ke fara sakin ƙasa. Ƙa'idar ke nan a taƙaice: a taurara gaba, ƙin linzami ya ƙaru, a taurara baya, tutsu ya matso kusa.

Masu ƙera motoci sun san wannan sarai, da gangan kuma suke barin yawancin motocin da suke sayarwa da ɗan ƙin linzami. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Mutum in ya tsorata, abin da yake fara yi shi ne ɗaga ƙafa daga totur. Yin haka yana rage gudu, yana mayar da nauyi gaba, sai tayoyin gaba su sake kama ƙasa. Ashe tsoron direba shi ne maganin ƙin linzami. A motar da aka taurara wa baya kuwa, wannan ɗaga ƙafar ita ce ke sauƙaƙa bayan, ya sulle. Mayar da ita kan hanya sai an juya sitiyari wajen da bayan ya nufa, cikin ƙiftawar ido, kuma daidai gwargwado. Wannan sana'a ce da ake koyo a fili, ba a tsakiyar kasuwa ba.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai motar da ke bin sitiyari da sauri ta fi daɗin tuƙi, kuma ta fi saurin fita kwana. Gaskiya ne, amma a filin tsere, inda direba ya san kowace kwana, ba kuma akuya ko ɗan makaranta da zai gitta. Wani kuma ya ce, ai yanzu akwai na'urar da ke daidaita mota da kanta. Ita ma gaskiya ce: Mercedes da Bosch sun fito da ita a 1995, kuma tun daga Nuwamban 2014 doka ta tilasta sa ta a kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai. Takan kama birkin tayar baya ta ciki in mota ta ƙi linzami, ko ta gaba ta waje in ta yi tutsu. Sai dai an auna aikinta ne bisa ƙafafun da kamfani ya sa, kuma ba ta iya ƙirƙiro riƙon da taya ba ta da shi.

Bugu da ƙari, da yawa daga cikin irin waɗannan motoci da ke yawo a titunan Kano da Kaduna da Maraɗi na hannu ne, sun sha tafiya kafin su iso. Gyaran da suke bukata shi ne a canja shokozobar da ta mutu, a auna iska yadda kamfani ya rubuta, a sa tayoyi huɗu masu girma ɗaya, domin bambancin girma yana wahalar da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In kuma biyu sun fi biyu lafiya, a sa masu lafiyar a baya.

Daga ƙarshe, wanda ya mayar da ƙafafun motarsa yadda aka ƙera su ya yi gyara. Wanda kuwa ya kori ƙin linzami ya gayyato tutsu, don kwaikwayon 'yan tsere, lalle ya kiyayi abin da Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.