GIDAJEN RAMI NA MATMATA DA SORAYEN MADABO

A kudancin ƙasar Tunis, a bakin hamada, akwai wani gari da a ke kira Matmata, kimanin kilomita 40 daga birnin Gabes. Mutanen wannan gari tun kaka da kakanni ba su ta da bango sama. Su kan haƙa rami mai faɗi, zurfinsa kamar gaba huɗu ko biyar, sa'an nan su fafe ɗakuna a jikinsa kewaye, tsakiyar ramin ta zama tsakar gida. Waɗansu daga cikin gidajen nan an mai da su masaukin baƙi. Wanda ya fi suna shi ne Hotel Sidi Driss, inda aka ɗauki wani sashe na sinimar nan Star Wars wadda ta fito a 1977. Turawa su kan baro gidajensu na bene, su biya kuɗin jirgi da na haya, don kawai su kwana a cikin kogon ƙasa.

To, jama'a, me su ke saye da kuɗin nan nasu? Ban da sha'awar ganin abin da ba su saba ba, sanyi su ke saye. Ƙasa mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Kafin zafin rana ya ratsa ta ya kai cikin ɗaki, dare ya yi. In sanyin dare ya sauko kuwa, ɗumin da ta tara shi ta ke mayar wa mai barci. Watau ɗakin da kansa shi ne fanka da rana, shi ne bargo da dare.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a birnin Kano. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon zaure a Madabo, unguwar malaman nan ta kusa da gindin Dala, da azahar a cikin bazara, ya san abin da mu ke faɗa. A waje ƙasa ta na ƙona tafin ƙafa, a ciki almajirai su na zaune gaban malami da littattafansu, ba mai neman mafici. Maginanmu ba su haƙa rami ba, amma sun yi bangon tubali mai kaurin gindi, sun rufa shi da azara da ƙasa, sun ɗaura bakan gizo don soro ya yi tsawo, zafi ya tashi sama, sun shafe shi da makuba ko laso don ruwa ya zame ta indararo. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, na Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, su na nan tsaye, kowa ya je ya gwada da jikinsa.

Amma fa dubi abin da mu ke yi. Mutum ya samu ɗan abin hannu, sai ya rushe soron ubansa, ya jera bulo mai rami, ya ɗora kwano a kai. In watan Afirilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, ɗakin ya zama tanderu. Sai a sayi fanka, in an ɗauke wuta a nemi janareto, in ba kuɗin mai a fito da tabarma tsakar gida, sauro ya samu nasa. Mun sayar da abin da mu ke samu kyauta, mun sayo wanda za mu yi ta biya wata wata, kuma wannan ne a ke ce wa ci gaba.

Ba mu ce ginin ƙasa ba shi da aibu ba. Ya na son yaɓe kafin kowace damina, in aka yi sakaci ruwan Agusta ya kan kā da shi a kan masu shi. Ko Matmata ɗin, ruwan da aka yi a 1969 ya rufta gidajen rami da yawa, mutane suka koma sabon gari na siminti. Ya na da duhu kuma. Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da aka sauke shi a unguwar Dala a 1851, kukan duhun masaukinsa ya yi. Giginyar da a ke tsaga azara ta yi wuya, kududdufan da a ke ɗiban ƙasa an cike yawancinsu an yi gini. Duk gaskiya ne. Sai dai kowane ɗaya a cikin waɗannan ya na da magani: harsashin dutse da siminti, taga mai faɗi, rufin da ba ya yoyo a bisa na ƙasa. Mai ciwon ido ba a cire masa kai.

Akwai abu guda da ba mu so a kwaikwayo daga Matmata. A can, waɗansu masu gidajen ramin sun zama abin kallo, baƙo ya sauko daga mota, ya ɗauki hoton matar gida ta na niƙa, ya miƙa ɗan kuɗi ya wuce. Madabo gidan karatu ce, ana danganta asalin makarantarta da malaman Wangarawa, kuma zaurukanta don ɗalibai aka gina su. In za a samu baƙon da ya ke so ya kwana a soro, a gina masa nasa a wani wuri, Sarkin Magina ya samu aiki.

Inda hannunmu ya kai mu ma'aikatan ilmi shi ne makaranta. Yaro ya kan gama koyon gini a makarantar sana'a ya iya lissafin buhunan siminti, amma bai taɓa mulmula tubali ba, bai san da me a ke haɗa laso ba. Tsofaffin da su ka sani kuwa su na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba abin da aka rubuta daga bakinsu. Ya kamata hukumar ilmi ta Kano ta ɗauko biyu ko uku daga cikinsu, ta biya su kamar yadda ta ke biyan sauran malamai, su gina aji guda na ƙasa kusa da na bulo a kwalejin horon malamai. A rataye ma'aunin zafi a cikin kowanne, ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya nuna da hantsi da azahar da la'asar, daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, sa'an nan a aiko da lissafin jaridar nan ta buga.