Waiwaye: Kafin Bishop ya shafa mai

A majami'ar Katolika ta Holy Family da ke Sakkwato, babu abin da ke cika ajin katikisim kamar sanarwar cewa Bishop zai yi Ƙarfafawa. Iyaye su shiga tonon akwati neman katin baftisma, tela ya samu aikin fararen kaya, katikis kuma ya dage da hadda: sakramenti bakwai, dokoki goma, baye-baye bakwai na Ruhu Mai Tsarki.

Hidimar kanta ba ta da tsawo. Bishop ya ɗora hannu, ya kira sunan waliyyin da yaro ya zaɓa, ya zana masa gicciye a goshi da man zaitun mai ƙamshi da aka tsarkake a Makon Tsarki, uban tsayi na dafe da kafaɗarsa. Dattawa na tuna wani ƙari da aka cire a gyaran Paparoma Paul na shida a 1971: ɗan marin da Bishop kan yi wa mutum a kumatu, don ya san bangaskiya na tafe da wuya.

Katolikan Sakkwato sun sha wannan wuya ba a baki ba. A 1953 Roma ta damƙa yankin ga fadannin Dominikan daga Amurka, ƙasa mai faɗi tun daga Sakkwato har Katsina. Yankin ya zama dayosis a 1964, Edward Lawton ne Bishop na farko. Shekara biyu kacal, rikicin 1966 ya kori yawancin masu zuwa Mas, domin galibinsu Ibo ne ma'aikata da 'yan kasuwa, Lawton kuma ya rasu a ƙarshen shekarar. Michael Dempsey da ya gaje shi a 1967 ya tarar da benci kusan wayam. Abin da ya riƙe cocin daga nan shi ne katikis-katikis masu koyarwa da Hausa a ƙauyukan Maguzawa, musamman wajen Malumfashi, inda Fada kan daɗe bai leƙo ba. Daga wannan yanki Gerald Mamman Musa ya fito, wanda ya zama Bishop na sabon dayosis ɗin Katsina a 2023. Ko a Mayun 2022, bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel, an far wa Holy Family ɗin, Bishop Matthew Kukah ya dakatar da Mas a cikin gari, sannan mutane suka dawo.

Shi ya sa nake jin takaicin yadda muka mai da shirin Ƙarfafawa jarrabawa. Yaro ya haddace amsa, ya ci, a ɗau hoto, shi ke nan ba a ƙara ganinsa a aji sai zai yi aure. Maƙwabtanmu Musulmi sun san cewa bayan saukar Alƙur'ani ne ake zama gaban malam karatun littattafai. Mu kuwa ranar shafa mai muke rufe littafi.

Laifin ya fi yawa wajen zaɓen uban tsayi ko uwar tsayi. Dokar coci ta nemi Katolika da ya kai shekara 16, wanda shi ma an ƙarfafa shi, yake kuma rayuwa bisa bangaskiya. Mu sai mu ɗauko attajirin kawu daga Abuja, ya dafa kafaɗa, ya ba da ambulan, ya kama hanya kafin la'asar. Matar da ke zaune layi ɗaya da yaron, wadda za ta lura idan ya yi Lahadi biyu bai zo ba, ko sunanta ba a kawowa.